Yaron shagona ya tafi da sirrin haɗin gam ɗina, fatent zai cece ni?

Mai Gam: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ina haɗa gam na sitacin rogo ina sayar wa masu kwali a Kano. Nawa ba ya tsami ba ya fumfuna ko da damina, saboda wani abu da nake sawa bayan soda da boraks. Akwai yaron da na riƙa, ɗan yayar matata ne, ni na biya masa kuɗin makaranta, har aurensa ni na yi masa lefe, uwarsa kuwa ko sannu. Yanzu ya buɗe nasa, yana bin kwastomomina da araha. An ce in yi fatent, wato rajistar ƙirƙira a wajen gwamnati don hana wasu kwaikwayo. Zai hana shi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɓata kuɗinka. Gam ɗin sitaci da soda da boraks tun shekarun 1930 aka yi masa fatent a Amurka, shi ake kira Stein-Hall, da shi masana'antun kwali ke aiki har gobe. Fatent shekara 20 yake yi ya mutu. Me ka ƙirƙira?

Mai Gam: Ai na ce akwai abin da nake ƙarawa.

Injiniya: Mene ne?

Mai Gam: Haba Injiniya, a nan zan faɗa?

Hajiya Mai Humra: Wallahi yaran yanzu sai addu'a. Haka wata ta yi min, ta zauna gidana ta koyi haɗin humra tsaf, yau tana talla a TikTok wai gadon kakarta ne. Allah ya isa kawai.

Ɗalibin Lauya: Yaya, dokar fatent ta 1970 ta ce dole abin ya zama sabo, bai fita ga jama'a ba kafin ka shigar da takarda. Amma ofishin rajista a Abuja takardu yake dubawa, ba ya binciken sabunta, sai an je kotu ake tantancewa. Ka tuntuɓi NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da harkar fasaha, suna taimaka wa masu ƙirƙira. Akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninku?

Injiniya: Ka ji ko? Takarda ce kawai, lauya ɗaya zai rushe ta. Kuma sai ka rubuta haɗin dalla-dalla, kowa ya karanta. Coca-Cola ɓoye nasu suka yi. Ka sauke farashi, shi ne magani.

Ɗalibin Lauya: Ɓoye me kuma, bayan yaron ya riga ya sani?

Mai Gam: Ɗan gida ake sa wa hannu a takarda? Da me zan kalli surukaina? Farashi kuma ba zan sauke ba, ku je ku ji kuɗin buhun sitaci yanzu.

Hajiya Mai Humra: Ka kai shi gaban manya kawai. Ni da na kai tawa, cewa aka yi in yi haƙuri.

Mai Gam: To wai nawa ne kuɗin fatent ɗin? Har yanzu ba wanda ya faɗa min.