Shawara kan kwanson harsashin da baƙi ke ɗurawa da hannunsu

Hamadu (Garwa): Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Wani baƙo daga Faransa ya zo farautar ɓauna a yankin Faro na arewacin Kamaru da harsashin .375 H&H wanda ya ɗura da kansa a ƙasarsu. Da muka gwada bindigar da tsakar rana, sakatarta ta cije, sai da ya buga ta da tafin hannu kafin ta buɗe. Shin wannan ya isa a ajiye harsasan?

Alhaji Bappa (Ngaundere): Wa alaikumus salam, Malam Hamadu. Ya isa, har ya yi yawa. Cijewar sakata alama ce da ke zuwa a makare, domin kafin tagulla ta manne da mazauninta haka, galibi matsin ya riga ya wuce ƙa'ida. Ka juya kwanson ka dubi gindinsa a hasken rana. 'Yar hular da ke tsakiyar gindin, wadda allurar bindiga ke sara don tayar da albarushi, tana da gefe mai lanƙwasa idan lafiya take. Idan ta baje ta cika raminta, ko bakin saran ya tashi kamar bakin tukunya, ko ta huje baƙin hayaƙi ya fito, to akwai matsala. Abin da na fi yarda da shi kuwa shi ne ɗan tabo mai sheƙi a kan rubutun gindin, inda tagulla ta kwarara cikin ramin ƙarfen da ke tunkuɗo kwanso waje. Hula tana iya bajewa don laushinta kawai, amma wannan tabon ba ya ƙarya.

Hamadu: Tabon yana nan, Alhaji. Sai dai baƙon ya dage cewa a gida bai taɓa ganinsa ba.

Malam Isiyaku (Marwa): Gaskiya yake faɗi, kuma nan ne haɗarin yake. Ya auna albarushinsa cikin sanyin Turai, ya kawo shi zafin Maris da ke haura digiri 40, wataƙila ma akwatin ya yini a gaban mota. Zafi yana ƙara wa albarushi saurin ci. Turawan Ingila sun san haka tun zamanin kodayit, wani tsohon nau'in albarushi, shi ya sa .416 Rigby na 1911 ya zo da babban kwanso da matsi kaɗan: iyakar matsinsa a ma'aunin CIP, hukumar ƙasa da ƙasa mai gwajin bindigogi da harsasai, bar 3,250 ce (bar ma'aunin matsi ne), alhali ta .375 H&H bar 4,300 ce. Kafin ka yanke hukunci, ka goge mazaunin harsashin, domin mai ko ƙurar hunturu suna iya sa sakata ta yi nauyi.

Alhaji Bappa: Ina ƙarawa da ingancin kwanson kansa, wanda mutane ke rainawa. Idan tamburan gindin sun bambanta, to kaurinsu ma ya bambanta, kuma mai kauri cikinsa ya fi ƙunci, saboda haka awo ɗaya zai ba da matsi biyu. Wanda aka ɗura sau da yawa wuyansa yana taurara ya tsage. Mafi muni shi ne zobe mai haske kaɗan sama da gindi. Ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa bangon daga ciki, in ta maƙale a wani kwari, kwanson yana dab da tsinkewa biyu. Wannan ya fi faruwa da kwanso mai ɗamara irin na .375 idan ana matse shi fiye da kima wajen sake ɗuri, kuma rabin kwanso a cikin bindiga ga ɓauna mai rauni a gabanka ba abin da zan so wa kowa ba ne.

Malam Isiyaku: Shawarata ita ce a kulle sauran harsasan a inuwa, kada a ƙara harba ko ɗaya, kuma kada kowa ya kwance su a sansani, domin dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ta ɗaure aikin harsashi da izini. A ba shi na kamfani, Norma ko Federal, ya sake daidaita saiti da tsakar rana.

Hamadu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Akwai kwalin Norma a ma'ajiyarmu, da shi za mu gwada gobe bayan Azahar.