Wace Hausa za mu ba elektironegatibiti?

1/ Malaman kimiyya na Zango, daga Aboabo har Asawase, assalamu alaikum. Kalmar nan tana wahalar da yaranmu masu shirin jarrabawar WASSCE ta kammala sakandare. Da Turanci suke haddace ta, amma da Hausa suke tunani. Mu tsayar da magana ɗaya a kanta.

2/ Idan ƙwayoyin zarra biyu suka haɗu suna tarayya a kan ilektiron (ƙananan ƙwayoyi masu cajin debewa da ke cikin zarra), ba kullum rabon ke zuwa daidai ba. Ɗaya kan janyo ilektiron ɗin kusa da ita. Ƙarfin wannan janyowar ake aunawa, shi ne elektironegatibiti. Linus Pauling ne ya fito da ma'aunin a 1932; a alƙaluman da ake amfani da su yau, fulorin ce a sama, tana da 3.98, oksijin 3.44, kulorin 3.16, haidirojin 2.20, sodiyam can ƙasa, tana da 0.93.

3/ Ku dubi ruwan randa, haɗin oksijin da haidirojin ne. Oksijin ta fi haidirojin ƙarfi, sai ilektiron suka karkata wajenta, gefenta ya ɗauki ɗan cajin debewa, gefen haidirojin kuma na ƙari. Shi ya sa gishiri ke narkewa a ciki. Gishirin kansa fa, wanda haɗin sodiyam da kulorin ne? Tazarar kulorin da sodiyam ta kai 2.23, don haka kulorin ta ƙwace ilektiron ɗin ɗungurungum.

4/ Wani malami ya kawo "kwaɗayin lantarki". Akwai daɗin faɗi, amma yaron Kumasi in ya ji lantarki, wutar ECG, kamfanin wutar Ghana, zai tuna. Wata malama ta ce "son ilektiron". Malama, Allah Ya ƙara basira, sai dai mu ajiye wannan ga wani abu daban: makamashin da ƙwaya guda, ita kaɗai, ke fitarwa in ta karɓi ilektiron. Yara sun daɗe suna cakuɗa biyun a jarrabawa, kada mu ƙara musu.

5/ Ni dai "ƙarfin ja-in-ja" na zaɓa. Ba a ja-in-ja da mutum ɗaya, dole sai da abokin ja, kuma nan ainihin ma'anar take: a cikin haɗi kawai ake ganin ƙarfin. Haidirojin biyu in suka haɗu, ƙarfinsu ɗaya, ba mai rinjaye.

6/ Ga jimlar gwaji: "Oksijin ta fi haidirojin ƙarfin ja-in-ja." Ku faɗa wa ɗalibanku haka a aji, sannan ku tambaye su wajen wa ilektiron za su karkata. Malaman Nima, muna jiran ta bakinku.