Tramadol ya daina riƙe Inna, likita ya ce mofin: wa ya taɓa jinya da shi?

Daga Garwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Innarmu na fama da sankarar mama, har ta kai ga ƙashin baya. Wata huɗu tana kan tramadol, yanzu ko awa biyu ba ya riƙe ta. Da daddare bakin zane take cijewa don kada jikoki su ji nishinta. Likita ya ce a koma mofin, maganin kashe zafin ciwo da ya fi tramadol ƙarfi, Kawu ya ce atafau, wai maganin sallama ne. Wanda ya yi jinya da su ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Daga Marwa: Allah ya ba Inna sauƙi, ƙanwata. Mu ma haka muka yi ta jan ƙafa da Baba, har muka ƙara masa tramol ɗin da 'yan moto ke saye a bakin tasha. Ranar da ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, likita ya yi mana tatas: tramadol ba a wuce miligiram 400 a yini, kuma ƙarfinsa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na mofin. Da aka sa shi kan mofin duk bayan awa huɗu, daren farko har munshari ya yi. Wata bakwai ya ƙara, yana zama ya yi sallarsa, ya sha kunu. Ki gaya wa Kawu, jinkirin da ake yi ne ya sa mutane ke ganin kamar maganin ke kashewa.

Daga Ngaundare: Abin da ba a gaya mana ba shi ne ɗaurewar ciki. Tashin zuciya da gyangyaɗi sun wuce cikin kwanaki kaɗan, amma bayan gida ya ƙi fita, kwana biyar Goggo na murƙususu. Ki nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko. Kodin kuwa, wani maganin kashe zafin ciwo da aka ba ta, bai yi mata komai ba. Ashe sai hanta ta juya shi zuwa mofin, kuma ba kowace hanta ke yi ba.

Daga Kusiri: Mijina ƙodarsa ta taɓu, mofin ya riƙa taruwa a jikinsa har yana sambatu, yana kiran mutanen da suka rasu. Sai aka mayar da shi kan filastar fentanil, wadda ake mannawa a fata a canza bayan awa 72. Takan ɗauki wajen awa 12 kafin ta fara aiki. Amma Yaya, a kula da zafinmu na watan Afrilu: fata in ta yi zafi tana jan maganin fiye da kima, gumi kuma na ɓamɓare ta. Ga tsada, ga wuyar samu. Sau biyu muna aikawa har Yawunde.

Daga Garwa: Na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Kawu duka, ya yi shiru, sannan ya tambaya ko za ta zama kamar yaran unguwa masu shan tramol. Nas ɗin ta ce masa shan magani a kan lokaci saboda ciwo daban yake da shaye-shaye, muddin ana bin awon likita. Gobe za a duba ƙodarta tukuna. Tambayata ɗaya: na tsakar dare, kuna tashin mara lafiya ya sha, ko kuna barinsa ya yi barcinsa?