Muhawara: Ko a biya kakanni albashin riƙon jikoki?

Wadda ta buɗe magana: Assalamu alaikum. Tun da aka kashe yayana a rikicin da ya addabi Borno, Innarmu ce take riƙe da 'ya'yansa biyar, ga ciwon ƙafa, ga shi ba ta da fansho domin a gona ta ƙarar da ƙarfinta. Ya kamata gwamnati ta yanka wa irin waɗannan kakanni albashi.

Malam: 'Yata, Allah ya jiƙansa, amma albashi na ɗan ƙwadago ne. Riƙon maraya ibada ce wadda Annabi (SAW) ya yi wa mai yinta albishir da kusanci da shi a Aljanna, kuma ranar da kaka ta fara jiran ƙarshen wata kafin ta goya jikanta, zumunci ya mutu.

Tsohuwar malamar makaranta: Allah gafarta Malam, limamai da alƙalai suna karɓar albashi, ba a ce ladarsu ta zube ba. Jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata a 2011, zamanin Gwamna Kayode Fayemi, kuma Afirka ta Kudu tana biyan tsofaffi da masu riƙon yara.

Malam: Hajiya, wancan tallafi ne, ba albashi ba.

Ɗan fansho: Mu da muka yi wa gwamnati aiki shekara 35 muna nan muna jiran garatuti, sai a tsallake mu a ba wadda ba ta taɓa shiga ofis ba? Kuma Hajiya, kin ambaci Fayemi ne saboda ɗan jam'iyyarku ne.

Tsohuwar malamar makaranta: Alhaji, ni ma 'yar fansho ce, kuma jam'iyyar da kake karewa ce ta riƙe maka kuɗinka.

Wadda ta buɗe magana: Iyayena, ku kira shi duk abin da kuka ga dama, ni dai geron yaran nan nake tambaya.

Shugaban zaure: An rufe muhawara. Abin da na fahimta shi ne jama'a sun yi ittifaƙi da Malam cewa albashi bai dace da kaka ba, masu kawo misalin wasu wurare kuwa ba su zo da hujja ba. A kiyaye sa siyasa a zauren nan.