Wai ƙasar nan da Ahmed Musa ya ci biyu a Rasha, suna da lig kuwa?

Ɗan Ƙofar Soro:

Salamu alaikum 'yan uwa masana ƙwallo. Don Allah ku raba mani gardama. Jiya bayan isha'i muna zaune teburin mai shayin unguwarmu ana hirar tsofaffin wasanni, aka zo kan wasan nan na 2018 da Ahmed Musa ya zura ma Ayislan ƙwallo biyu, sai ni da bakina na ce ai ƙasar ma ko lig ba su da shi, ƙanƙara ce ko'ina, 'yan wasan nasu duk a waje ake tsinto su. Wani yaro da bai kai ƙanena na uku ba ya ce ƙarya nike, wai suna da lig har da kofi, kuma wai kocinsu likitan haƙori ne. Aka yi ta mani dariya, har mai shayin ya ce in biya kuɗin indomin yaron in ya tabbata. Ni dai ban yarda ba tukuna. Ƙasar da aka ce mutanenta ba su fi na cikin garin Katsina ba, ina suka ga mutanen yin lig, ina suka ga 'yan kallo, kuma da wane lokaci suke bugawa tunda an ce rana ma ba ta fitowa sosai? Kuma in da gaske suna da shi, yaya shekarar tasu ta 2018 ta kasance a gida da waje? Wanda ya sani ya taimaka kafin daren yau, don can zan koma.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ka shirya kuɗin indomi, har da ƙwai, yaron nan ya fi ka gaskiya.

Lig ɗinsu ya girmi kakanka, tun 1912 suka fara. Babban rukunin ƙungiya 12 ne, a 2018 ɗin da kake magana kowa ya buga wasa 22, gida da waje, shi ke nan an gama. Inda ka ɗan taɓa gaskiya shi ne maganar sanyi, don ba su bin kalandar Ingila ko Sifen da muka saba da ita, wato a fara Agusta a ƙare Mayu. Su lokacin da Turai ke hutu su ke bugawa, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Satumba, kusan ka ce daminarmu ce kakar wasansu, manomi na shuka suna farawa, ana yankan gero suna ba da kofi. A watan Disamba hasken rana a babban birninsu Reykjavik bai wuce awa 4 da 'yan mintuna, amma a Yuni rana sai ta yi awa 21 ba ta faɗi ba, ka ga ana iya take wasa da dare gari na nan tangaran kamar la'asar. Ni duk sanda na tuna haka tausayin Musulmin da ke azumi can nike ji, don azumin 2018 ɗin a Mayu da Yuni ya faɗo.

A shekarar Valur ce ta ɗauki lig, kuma ita ta ɗauka a 2017, biyu a jere ke nan. Kofin ƙalubale kuma Stjarnan ta ɗauka bayan ta doke Breidablik a bugun fenareti. Wadda ta fi kowa tarin kofin lig a tarihi ita ce KR, ita ma a Reykjavik take, don mafi yawan ƙungiyoyin a babban birnin suke ko garuruwan da ke manne da shi, kamar a ce Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Batagarawa kowa na da kulob a babban lig. To ka ga ba a doguwar tafiya sai jefi-jefi, in za a je arewa garin Akureyri ko tsibirin da ƙungiyar IBV take, wanda sai an shiga jirgin ruwa ko na sama.

Maganar likitan haƙori ma gaskiya ce. Kocinsu na lokacin sunanshi Heimir Hallgrimsson, ɗan wancan tsibirin ne, a lokacin can yake da asibitin haƙorinshi. Golansu kuma Hannes Halldorsson, wanda ya tare fenaretin Messi aka tashi 1-1 da Ajantina, mai shirya fim ne da tallace-tallace. Sai wanda ya fi ba ni mamaki, ɗan bayansu na dama Birkir Saevarsson, a Valur ɗin nan yake wasa lokacin, kuma yana aiki a kamfanin da ake ɗura gishiri a mazubi. Daga wurin gishiri ya tafi Rasha ya tsare Di Maria. Da yawan 'yan lig ɗin haka suke, ƙwallo na gefe aiki ko karatu na gefe.

Na tuna ranar wasanmu da su sarai, Juma'a ce 22 ga Yuni, sati ɗaya bayan ƙaramar sallah, ƙarfe 4 na yamma. A wani gidan kallo na rufin kwano na kalla, zafi kamar gidan burodi, an ɗauke wuta janareto na ta tari. Aka tafi hutun rabin lokaci ko sau ɗaya ba mu buga ma ragarsu ba, wani dattijo kusa da ni sai tsaki yake yana cewa masu kamun kifi ma sun gagare mu. Ana dawowa da minti 4 Victor Moses ya kwaso ta daga dama, Musa ya sauke ta da ƙafa ɗaya ya ɗaɗa ta, bencin da muke kai sai da ya karye.

Chanji Boy:

Baba na gaishe ka amma ni fa ban son yadda ake zuzuta mutanen nan. Sa'a ce kawai ta haɗa masu yara masu kyau a lokaci guda, irin su Gylfi Sigurdsson da Aron Gunnarsson, kuma su ba lig ɗin gida ya yi su ba, tun suna ƙanana suka fice. Gylfi yana ɗan shekara 15 zuwa 16 ya tafi Reading ta Ingila, a 2017 Everton ta saye shi daga Swansea kan fam miliyan 40 da wani abu. To me lig ɗin gishiri ya ƙara mashi?

Kuma ku dubi abin da ya biyo bayan Rasha a shekarar dai. Mu mun ci su 2-0, Gylfi ɗin ma ya ɗaga fenareti sama bayan alƙali ya je ya duba na'ura, Kuroshiya ta ci su 2-1 suka dawo gida da maki ɗaya tak. Likitan ya aje aiki a Yuli, aka kawo Erik Hamren ɗan Siwidin, wasanshi na farko Siwizalan ta yi masu 6-0, Beljiyam ta zo har gida ta yi masu 3-0, wasa huɗu suka buga a sabuwar gasar ƙasashen Turai ɗin nan ta Nations League duka huɗun an cinye su. Valur ɗin da kake yabo ma a Yuli ta shiga share fagen kofin zakarun Turai, ta ci Rosenborg ta Nowe 1-0 a gida aka yi ta murna, da aka je can aka yi mata 3-1 aka tattaro mata kayanta. Wasan nasu ma me ke ciki banda a tare baya a jira jifa, Gunnarsson ya goge ƙwallo da riga ya wurgo ta cikin yadi na 18 kamar kwana. Da irin wannan jifar suka farke ma Ingila a gasar ƙasashen Turai ta 2016 fa.

Malamar Firamare, Daura:

Assalamu alaikum. Ni ba gwanar kallon ƙwallo ba ce, maigidana da yara su ke cika mani gida da ihu, amma na taɓa bin labarin ƙasar nan saboda abin da ya shafi yara, kuma ina ganin ɗana Chanji Boy ya tsallake wuri mafi muhimmanci. Ka ce sa'a ce ta haɗa yaran, to ina aka rene su kafin su kai shekara 15 ɗin da Turawan Ingila suka gan su?

Daga wajen shekarar 2000 suka fara gina manyan rumfuna masu rufi da cikakken fili na ciyawar roba a ciki, na farko a yankin Keflavik, saboda da can rabin shekara ba wanda ke iya taka leda a waje. Suka kuma bi makarantu suna yin ƙananan filaye. Sannan suka dage da horar da masu koyarwa, yaro ɗan shekara 6 ko 7 mai koya mashi yana da takardar shaidar koci ta hukumar ƙwallon Turai kuma ana biyanshi, ba wai wani yayan unguwa da ya ga dama ba. Mata ma haka, ƙungiyarsu ta mata ta riga ta maza zuwa gasar Turai, tun 2009.

Abin da ya sa ya tsaya mani a rai, a makarantar da nike koyarwa muna da yara sun fi 80 a aji guda, ƙwallo ɗaya ce a makarantar gaba ɗaya, ita ma malamin wasanni ke kulle ta a durowa don kar ta fashe. In an tashi tara sai ka ga yara sun ƙulle tsumma da leda suna bugawa ba takalmi a kan tsakuwa, akwai wani ƙaramin yaro ɗan aji huɗu da in ya ɗauko ta ba mai karɓewa, har malamai ke tsayawa kallo. Bana an cire shi an kai shi tallan ruwa a tasha. Su can da yake ba su da yawa, yaro irin wannan ba ya ɓace masu, kowa ya san ɗan wane ne. Mu yawan ne ya sa ba mu jin ciwon asara.

Ɗan Ƙofar Soro:

Kai jama'a, ashe ni ne ban san komi ba. Malama Allah ya saka, maganar yaron nan ta taɓa ni. Baban Khalifa to ni abin da ya rage mani, da gaske ne mutanen nasu ba su fi na Katsina ba? Don in na koma ina son in samu ko abu ɗaya da zan tsira da shi.

Baban Khalifa:

Wannan kam ka tsira da shi. Lokacin da suka je Rasha mutanen ƙasar duka wajen dubu 350 ne, a ƙidayar 2006 kuwa ƙaramar hukumar Katsina kaɗai ta haura dubu 300, jihar kuma miliyan 5.8, ka lissafa yanzu bayan shekarun nan. A lokacin ba a taɓa samun ƙasa mai ƙarancin mutane kamarsu da ta je kofin duniya ba. Babban filin wasansu na ƙasa ma bai cika ɗaukar mutum dubu 10 ba a zaune, filinmu na Muhammadu Dikko ya ninka shi.

Chanji Boy kuma, na yarda da kai rabi. Gaskiya ne ƙarshen 2018 ya yi masu muni kuma tun daga nan mazan ba su sake zuwa babbar gasa irin ta 2016 da 2018 ba a 'yan shekarun da suka biyo, ƙasa ƙarama in manyanta biyar suka tsufa lokaci ɗaya ba ta da wasu a ajiye. Amma sa'a ba ta kai mutum saman rukunin da ke da Kuroshiya da Yukren da Turkiyya, kuma su suka zo na ɗaya a share fagen, Kuroshiyar da ta je wasan ƙarshe a Rasha sai da ta yi ƙarin wasan neman gurbi kafin ta samu shiga. A 2016 ma ba Ingila kaɗai ba ce, sun yi 1-1 da Fotugal ta Ronaldo, sun ci Ostiriya 2-1, sai Faransa mai masaukin baƙi ta tsayar da su da 5-2 a zagayen 'yan takwas. Kuma ka san wa ya kafa tubalin tare da likitan? Lars Lagerback, mutumin da ya kai Super Eagles Afirka ta Kudu a 2010 muka dawo da maki ɗaya. Mu wata 'yan kaɗan ya yi da mu, su sun ba shi daga 2011 har 2016.

Lig ɗin kuma ba aikinshi ba ne ya riƙe Gylfi, aikinshi ya fito da shi a sayar, wanda bai samu fita ba ya zauna gida yana wasa yana aikinshi, wanda ya tsufa a waje ya dawo ya ƙarasa a kulob ɗin unguwarsu. Kuma suna ɗan motsawa, a 2023 Breidablik ta zama ƙungiyar maza ta farko daga ƙasar da ta shiga matakin rukuni na gasar kulob-kulob ta Turai, ƙaramar ta ukun nan da ake kira Conference League. Tun 2022 ma sun ƙara wasannin lig ɗin, bayan 22 sai a raba shida na sama da shida na ƙasa a ƙara biyar-biyar.

Chanji Boy:

Baba ka faɗi sakamakon Breidablik ɗin a rukunin mana, wasa shida ba maki ko ɗaya. Amma maganar Malama ba ni da ta cewa. Ɗan Ƙofar Soro wane mai shayin ne, in taho a saka da ni cikin indomin.

Ɗan Ƙofar Soro:

Ka taho da kuɗinka malam, yaron ya riga ya aiko wai da ƙwai biyu yake so.