Takardar tambayoyi kaɗai ta isa binciken manhajar karatu?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. Malamin da ke duba aikina ya dawo min da babi na uku, ya ce binciken manhajar da ba a shiga aji ba, ba bincike ba ne. Ni kuwa takardar tambayoyi na shirya raba wa malaman firamare kan koyarwa da harshen uwa. Malamai, haka abin yake?

Malamin kwalejin ilimi: Wa'alaikumus salam. Ya tsananta, ƙanwata. Tun 1949 Ralph Tyler, masanin ilimi ɗan Amurka, ya aza tambayoyi huɗu na tsara manhaja: mece ce manufa, me za a koyar, yaya za a tsara shi, yaya za a auna. Ta huɗun alƙaluma take so. Makaranta nawa za ki iya zama a ciki kafin lokacinki ya ƙare? Biyu? Uku? Hukuma irin NERDC, mai tsara manhajar makarantun Najeriya, ba za ta taɓa manhajar ƙasa saboda aji uku ba.

Tsohon hedimasta: Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Da idona na ga an kawo takardu biyar, malami ɗaya ya zauna a ofishina lokacin tara ya cike su duka, biro ɗaya, "na yarda ƙwarai" daga sama har ƙasa. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara wa yaro da harshensa ko na yankinsa. Tambayi malami, zai ce haka yake yi. Leƙa aji biyu kuwa: allo cike da Turanci, yara suna ta rera shi da ƙarfi, a jefa musu bayani da Hausa na minti biyu, jarrabawa kuma da Turanci. Wace takarda ce za ta gaya maka wannan?

Malamin kwalejin ilimi: Baba, wannan laifin mai rabawa ne, ba na takardar ba.

Malama mai digiri na uku: Kowannenku ya kama gefe. Masanin ilimi Lawrence Stenhouse a Ingila, 1975, ya nace cewa malamin aji shi kansa mai bincike ne, don a hannunsa manhaja take rayuwa ko ta mutu. Amma ku tuna aikin Farfesa Babs Fafunwa a Ife daga 1970: an koyar da yara shekara shida da Yarbanci, aka gwada su da waɗanda suka koma Turanci. Alƙaluma ya kawo, sai dai daga aikin yara suka fito, ba daga ra'ayin malamai ba. Ki raba takardarki, ƙanwata, sannan ki zaɓi makarantu kaɗan ki zauna.

Ɗalibar digiri na biyu: To ai in na zauna, malamin zai sauya hali saboda ni.

Tsohon hedimasta: Zai sauya, 'yata, ranar farko har da sabon alli. Ki samu benci a bayan aji, ki yi ta zuwa har ya daina kula ki. Kuma ki roƙi littattafan yaran ki buɗe shafukan watan jiya, kafin ki zo.