Funfuna ta cinye mana bango, tarin yarona ya ƙi tafiya

Maman yaro, Fatakwal: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni nan bara. A gida damina wata huɗu ce ta yi sallama, nan kuwa tun Afrilu sama ba ta huta ba. Shekaranjiya ɗankunnena ya faɗa bayan wadirob, ina janyewa na ga bangon baƙi ƙirin da funfuna. Takalman sallar maigida sun yi kore, ƙasan katifa kuma sharkaf. Yarona ɗan shekara 2 sati uku ke nan yana tari, da dare ya fi tsanani, ƙirjinsa na kuka kamar kyanwa. Da muka je gida da sallah ras yake. Kullum ina cikin sa turaren wuta saboda warin. Maigida ya ce a shafa fenti kawai.

Hajiya, Agege: Wa alaikumus salam 'yata. Fenti asarar kuɗi ne, kafin damina ta fita za ta sake ɓullowa. Na daɗe a Legas, na sha wannan. Ki kai yaron maƙwabta, ki buɗe tagogi, ki sa safar hannu da takunkumi, ki goge bangon da soso da ruwan Omo, sannan ki bi da Hypo kofi 1 a ruwa lita 4. Kul kika haɗa Hypo da khal ko wani maganin wanke banɗaki, iskar da ke tashi guba ce. Wadirob ki matsar da shi kamar taƙi ɗaya daga bango. Ledar ɗakin nan ki naɗe ta, ita ke riƙe rima. Katifa ta hau gado, in funfunar ta shiga cikin soson kuwa sai haƙuri, a yar. Shanya a ɗaki ma a daina, ko da yake na san wahalar busar da kayan yara a watan Yuli.

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar uwa, yaron ne a gaba da bango. Tarin da ya wuce sati biyu, ga kukan ƙirji da dare, na ganin likita ne, don danshi da funfuna na tayar da asma. Yau idan ya yi barci ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. A shekarunsa, 40 ko fiye sauri ne. In kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa sha, kada ki jira gari ya waye. Turaren wutan nan da maganin sauro mai hayaƙi ki ajiye su, ƙara shaƙe shi suke yi.

Wani magini: Malama, ruwan daga ina yake? Tabo daga silin, kwano ne ke yoyo. In daga ƙasa ya hauro zuwa gwiwa yana tofe fenti, ginin ne ke tsotsar ruwa, aikin mai gidan haya ne. Ki ɗauki hoto a nuna masa kafin a biya kuɗin baɗi.

Maman yaro, Fatakwal: Allah ya saka da alheri. Na duba, daga ƙasa ne. Na ƙirga ya yi 34, amma gobe da sassafe za mu asibiti. Yau dai a falo za mu kwana.